Kada a Sayar wa 'Yan Gwangwan da Tsofaffin Kwamfutocinmu

A kusurwar ɗakin kwamfuta akwai tsofaffin na'urori da ƙura ta lulluɓe, kuma na ji ana cewa a sayar wa 'yan gwangwan. Ni dai ban goyi baya ba, ga dalilina.

Kwamfutar da ta gaza da YouTube ba ta gaza da kiɗa ba. Tun 1983 aka fito da tsarin MIDI. Fayil ɗin MIDI ba sauti ne a ciki ba, umarni ne kawai: danna wannan maɓalli, a wannan lokaci, da wannan ƙarfi. Shi ya sa ba shi da nauyi, fulas ɗaya zai ɗauki dubbai. Manhaja ce ke karanta umarnin ta fitar da sauti. Windows na zuwa da tata, Microsoft GS Wavetable Synth, mai sautukan kamfanin Roland. Yamaha ma ta yi S-YXG50 a shekarun 1990, don kwamfutocin wancan zamanin. Ke nan namu sun isa, kuma babu buƙatar data.

Kada mu raina wannan sauti. Waƙoƙin finafinan Hausa na zamanin Sangaya da fiyanon Yamaha aka buga su, kuma har gobe iyayenmu na tuna su.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Jerin General MIDI na 1991 yana da kayan kiɗa 128. Akwai sitar na Indiya, akwai koto na Japan, amma babu kalangu, babu algaita, babu kakaki. A Challawa ake jeme fata a kai Turai, amma muryar gangar da aka rufe da fatarmu ba ta shiga jerin ba. Wa zai saka ta in ba mu ba? Hanya na nan: a naɗi bugun kalangu ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su a fayil ɗin SoundFont, manhajar FluidSynth ta kyauta ta buga su.

Wani malami zai ce kiɗa ɓata lokaci ne. Malam, da girmamawa, wanda ya tsara taken ƙasa da MIDI sai ya ƙirga lokaci, ya raba shi rabi da kwata, ya gyara kuskurensa da kansa. Lissafi ne wannan, kuma darasin kwamfuta ne.

Mu da muka tashi kusa da Sharada da Bompai mun san masana'antun da aka rufe, injinansu suka yi tsatsa, iyaye suka rasa aiki. Kada mu maimaita haka a ɗan ƙaramin ɗakinmu. Muna roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu kwamfuta biyu da sa'a ɗaya kowace Laraba. In zango ya ƙare ba mu buga taken makaranta a asambule ba, to a kira 'yan gwangwan.