Kafin Ka Zuba Miliyoyi A Kyamara Mai Ido Biyu, Ina Ƙafar Da Za Ta Hau?

Darasin yau da ɗan zafi, sai a yi haƙuri.

Akwai wata magana da ke yawo a bidiyoyin talla da bakin wasu dillalan kaya: wai in ka sayi kyamarar ɗaukar taurari mai sensa biyu, shi ke nan ka gama, ita za ta riƙa bin tauraro da kanta, kai dai ka shimfiɗa tabarma ka jira hoto. Malam, wannan ƙarya ce, kuma ƙarya mai tsada. Kai da ke Gusau ko Tsafe ko Bungudu kana tara kuɗi don wannan sha'awa, tsaya ka ji yadda abin yake kafin ka tura wa kowa ko sisi.

Mece ce kyamarar?

Abubuwan da ke can ƙuryar sama, irin gajimaren Orion ko tarin taurarin Andromeda, haskensu ɗan kaɗan ne yake iso mu. Dole kyamara ta bar idonta a buɗe minti biyu, uku, har biyar a kowane hoto, a ɗauki da yawa sannan a haɗa su a kwamfuta. To amma duniya juyawa take yi, sama tana tafiya digiri 15 a kowace awa. Shi ya sa ake ɗora madubin hangen nesa a kan wata ƙafa mai inji, wadda ake kira maunt, tana juyawa daidai da tafiyar sama. Ita ma ƙafar tana kuskure, don haƙoran cikinta ba su taɓa zama cif-cif. Sai aka kawo ƙaramar kyamara ta biyu ta zama ɗan jagora: ta kafa wa tauraro ɗaya ido, da ya ɗan goce sai manhaja irin PHD2 ta ce wa ƙafar ta gyara.

Yawanci ɗan jagoran nan yana da nasa ƙaramin madubin a bayan babban. Kyamara mai ido biyu ta haɗe su a gida ɗaya, babban sensa na ɗaukar hoto, ƙarami a gefensa yana gadin tauraro. Dabarar ma tsohuwa ce. Kamfanin SBIG na Kalifoniya a Amurka ya yi ta tun tsakiyar shekarun 1990 da kyamararsa ST-7. Kamfanin ZWO na ƙasar Sin ya dawo da ita kasuwa a 2023 da ASI2600MC Duo, mai sensar Sony IMX571 ta megafiksel 26, a kan kuɗi kusan dala 2,000. Ka juya wannan zuwa naira, ka ɗora kuɗin jigila da na kwastan, ka ga inda ka tsaya.

Inda ƙaryar take

Sensa ta biyu gani kawai take yi. Ba ta da hannu, ba ta da inji, ba ta iya motsa komai. Ɗan jagora ne a gefen direba, in motar ba sitiyari sai dai ya yi ta ihu.

Mu yi lissafi. Faɗin fiksel ɗaya na sensar nan maikiron 3.76 ne. In ka haɗa ta da madubi mai tsawon milimita 400 a kan ƙafar kyamara ta masu hoton biki, tauraron da ke tsakiyar sama zai ratsa kusan fiksel 8 a kowace daƙiƙa. A minti 3 ya ja layi na kusan fiksel 1,400, alhali faɗin hoton gaba ɗaya fiksel 6,248 ne. Abin da za ka samu zare-zaren haske ne kamar an zuba taliya a baƙin faranti. Ɗan jagora gyaran ƴan fiksel yake yi, kuma ta hannun injin ƙafar yake yin sa.

Ko ƙafar mai inji ce, in irin wadda ke motsi sama da ƙasa, hagu da dama ce kawai, hoton zai riƙa murɗawa a hankali, taurarin gefe su zama baka-baka. Wannan ma jagora ba ya maganinsa. Abin da ake buƙata shi ne ƙafa mai sanda guda da ke kallon tauraron arewa.

Abin da masu talla ba su sani ba game da samanmu

Masu bidiyon nan galibi a Turai da Amurka suke. A Landan tauraron arewa yana sama da digiri 51, ɗaga kai kawai za ka yi. A Gusau digiri 12 ne daga ƙasa, Tsafe da Bungudu ma kusan haka. Miƙa hannunka ka dunƙule, faɗin dunƙulen kamar digiri 10 ne, to ɗan sama da shi kaɗan. Katangar maƙwabci ko bishiyar dalbejiya ta isa ta rufe shi, in hazon hunturu ya sauko kuwa ko ƙyallinsa ba ka gani.

Wannan yana nufin abu biyu. Na farko, kafin ka sayi ƙafa ka tambayi mafi ƙanƙantar kusurwar da take iya kwantawa, don wasu in aka sauke su zuwa digiri 12 ƙarfen nauyinsu dukan ƙafar tiraifod yake yi. Na biyu, sai ka koyi saita ta ba tare da ganin tauraron arewa ba. PHD2 tana da hanyar yin haka, manhajar NINA ma tana da ita, kuma duk kyauta ne. Wanda bai iya wannan ba, ko kyamarar miliyan goma ya saya a banza.

Sai maganar filta. A cikin Gusau fitilun sola da na janareto suna dusashe sama, don haka za ka so filta mai tace haske. A kyamara mai ido biyu, filtar tana gaban sensa biyun duka. In mai tsananin tacewa ce, hasken da ke kai wa ɗan jagora sai ya ragu, a wasu sassan sama ya sha wuyar samun tauraron da zai riƙe. Sannan da yake a gefe yake zaune, yana buƙatar madubi mai ba da hoto mai kyau a da'ira mai faɗin kusan milimita 44. Ƙananan madubai masu araha da yawa ba su kai nan ba. Kuma ranar da ta lalace, kyamara da jagora duk sun tafi tare, gyara sai an fitar da ita waje.

To, ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi, kuma ba na musu. Wayoyi sun ragu, nauyi ya ragu, gilashin da ƙurar hunturu za ta hau ya ragu. Matsalar nan ta ƙaramin madubi ya ɗan sunkuya daban da babban ta kau, tunda ta ido ɗaya suke kallo. Ga mutumin da zai hau da kaya saman soro ya sauko da su kafin asuba, wannan sauƙi ne na gaske. Rigimata da tsarin saye take. Wanda ya sayi sirdi na alfarma bai da doki, me zai hau?

Ga tsarin da nake ba ka shawara:

1. Ƙafa tukuna. Mafi yawan kuɗinka nan ya kamata ya tafi.

2. Wuta mai tabbas. Ƙafar da na'urar sanyaya kyamara duk bolt 12 suke sha, batirin sola mai kyau ya fi maka dogaro da wutar gari.

3. Fara da kyamarar da ke hannunka, ko tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu, da gajeren lens. Kaza da ƴaƴanta da gajimaren Orion za su fito maka da kyau daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan damina ta wanke sama kafin hazo ya kankama.

4. Ƙara ƙaramin madubin jagora da ƙaramar kyamararsa. Kuɗinsu bai kama ƙafar na mai ido biyu ba, kuma a nan za ka koyi aikin.

5. Ranar da ka ga kayanka ne suka gaza ba hannunka ba, sai ka sayi mai ido biyun in aljihu ya yarda.

Magana ta ƙarshe, kuma ta fi sauran nauyi. Masu bidiyo za su ce ka fita daji inda duhu yake. Kai ka san hanyar Gusau zuwa Funtuwa da dare, ka san bayan dutsen Kwatarkwashi. Babu hoton da ya kai ranka. Tsaya a tsakar gida ko saman soro, kuma ka nuna wa maƙwabta da mai unguwa kayanka da rana tsaka, don dogon bututu a kan ƙafa uku cikin dare, a halin da ake ciki, kowa ya san da abin da zai yi kama.

Kuma kar ka raina saman gidanku. Daga nan Zamfara, dunƙulen taurarin Omega Centauri yana hawa har digiri 30 ta kudu a watannin bazara, abin da mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba komai tsadar kyamararsa. Samanmu ya ba mu nasa, saura mu sayi kaya da hankali.

Wanda dillali ya riga ya turo masa jerin kaya, ya rubuto sunan ƙafar da tsawon madubin a ƙasa mu duba tare kafin ya biya.