Hayaƙin mota: a san ciwo kafin a sayi magani

A bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Doso, Ƙonni, Maradi, Damagaram da Difa, ba a yini ba a ga mota tana tafe tana fidda hayaƙi ba. Wasu na ƴan kasuwa ne, wasu na ma'aikatun gwamnati. In aka kai irin wannan mota garaji, aka tarar injinta mai turbo ne, sau da yawa hukunci guda ake yankewa: turbo ya mutu, a kawo sabo. Mai mota ya biya, ko shugaban ma'aikata ya sa hannu ga takardar saye. Ba a jima ba hayaƙi ya dawo, sabon turbo ya bi tsoho. Wannan shi ne Hausawa ke ce ma an bar jaki ana dukan taiki. Lokaci ya yi da za a daina sayen turbo sai an tabbata shi ne mai laifi.

Turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniyan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar wannan dabara tun shekara ta 1905. Ta soma aiki ga manyan injuna na jiragen ruwa, sannan ta kai ga ƙananan motoci masu shan gazwal: Mercedes 300 SD a 1978, Peugeot 604 a 1979. Yau mafi yawan sababbin motocin gazwal da turbo suke fitowa, saboda haka duk mai kula da mota ya kamata ya san aikinsa.

Aikin nan kuwa ba shi da wuyar ganewa. Farfela biyu ne bisa sanda guda. Hayaƙi mai zafi da ke fitowa daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana tura iska da ƙarfi cikin inji. Iska mai yawa tana sa mai ya ƙone sosai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Inji yana juyawa sau 3.000 ko 4.000 cikin minti guda, sandar turbo kuwa tana wuce sau 100.000. Abin da ke riƙe da ita cikin wannan gudu shi ne ɗan man inji da ke kewaye da ita. Ke nan rayuwar turbo tana rataye ga abu biyu: mai mai tsabta da iska mai tsabta.

Makanike na ƙwarai, kafin ya ɗauki sifana, tambaya ukku yake yi: wane launi ne hayaƙin, yaushe yake fitowa, kuma mi ke raguwa cikin motar, mai ko ruwa?

Baƙin hayaƙi yana nuna gazwal ya fi ƙarfin iska. A ƙasarmu dalili na farko shi ne filtar iska da ta toshe. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauye suna cika ta da sauri fiye da yadda ake gani a ƙasar da aka ƙera motar. Dalili na biyu shi ne tiyo da ya fashe ko ya kwance tsakanin turbo da inji: mota ta rasa ƙarfi, ana jin fito in an taka ta. Na ukku shi ne bakunan da ke fesa gazwal, waɗanda ake kira anjekter, in sun tsufa suna zuba fiye da ƙima. Cikin ukkun nan babu wanda sabon turbo zai warkar.

Farin hayaƙi iri-iri ne. Wanda ke fitowa da sanyin safiya ya ɓace bayan ƴan mintoci, tururi ne kawai, ba ciwo ba. Wanda ke warin gazwal yana sa ido ƙwalla, mai ne da bai ƙone ba, kuma sai a dubi anjekter da bujin ɗumama inji. Amma in fari ne mai kauri, ba ya yankewa, ruwan sanyaya inji kuma yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, to shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa ce ta ƙone, wadda masu garaji ke ce ma juwan kilas. Irin wannan mota tsayawa ta kamace ta nan take.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi shi ne man inji ke ƙonewa, kuma nan ne aka fi zaluntar turbo. In yana fitowa lokacin da aka tada mota kaɗai sannan ya yanke, robobin bawul ne suka bushe. In yana fitowa kullum, kuma aka buɗe murfin zuba mai aka ga inji yana huci da ƙarfi, zobban piston ne suka cinye. Ko da an kwance tiyo aka ga mai a bakin turbo, bincike bai ƙare ba. Zobban da ke tsare mai cikin turbo suna aiki ne muddin man yana samun hanyar komawa ƙasan inji. In bututun komawar ya toshe da datti, ko an cika mai ya wuce alama, ko hanyar numfashin inji ta toshe, dole mai ya nemi wata ƙofa. Haka kuma filtar iska da ta toshe tana sa turbo ya tsotso mai daga cikin kansa. Sai an duba duk waɗannan, sannan a kama sandar da yatsa: in tana kai da komo gaba da baya, ko farfela tana gugar jikin gidanta, ko haƙoranta sun karye, to lalle turbo ya gaji. Ko a nan ma tambaya ta rage: mi ya kashe shi? In ba a samu amsa ba, abin da ya ci na farko shi zai ci na biyu.

Akwai hatsari guda da kowane direban motar gazwal ya kamata ya sani. In turbo ya zuba mai da yawa cikin inji, injin na iya soma shan man nan a madadin gazwal, ya yi ta gudu shi kaɗai ko an cire makulli. Abin yi ga mota mai kuloci shi ne a taka birki sosai, a sa babbar giya, a saki kuloci har inji ya mutu. Motar da ke cin mai tana fidda shuɗin hayaƙi mai yawa, ba a ɗaukar ta doguwar tafiya.

Nauyin gyara wannan al'amari ya rataya ga mutum ukku. Direba ya duba mai da ruwa kowace safiya, kada ya taka mota da ƙarfi da zarar ya tada ta, kuma bayan doguwar tafiya ya bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, domin turbo ya huce man bai ƙone a cikinsa ba. Filtar da ta yage a canza ta, kada a buga ta ga taya a mayar. Makanike ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, ko da gyaran na kuɗi kaɗan ne. Mai mota da aka yi ma gaskiya sau ɗaya ba ya canza garaji.

Ma'aikacin da ke sa hannu ga takardar saye shi ne na ukku, kuma nasa nauyin ya fi. Ba sai ya zama makanike ba. Ya isa ya nemi a rubuta masa launin hayaƙin, abin da aka duba, da dalilin mutuwar turbo, a kuma kawo masa tsohon ya gani da idonsa. Kowace mota ta samu littafinta inda ake rubuta ranar canjin mai, ranar canjin filta da kilomitar da ta yi. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci cikin direbobi suna iya riƙe wannan littafi da Hausa, ba sai da Faransanci ba.

Kuɗin turbo guda suna iya sayen filta da man inji na tsawon lokaci. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kwana garaji tana jiran kayan da ba ta buƙata, mace mai naƙuda ce a wani ƙauye ke biyan bashin. Dukiyar gwamnati gumin talakawa ce, kuma rigakafi ya fi magani.