Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Digiri

Wani yayi ya shigo wa 'yan bokonmu, kuma da alama ya zo da shirin zama. Duk ma'aikacin da ya ɗan ji jiki a ofis, sai ka ji ya koma jami'a neman digiri na biyu, kuma fannin da aka fi rububinsa shi ne na raya karkara da bunƙasa tattalin arzikin yankuna. Mu da alli ya cinye mana yatsu a ajin sakandare ba za mu taɓa ƙyamar neman ilimi ba, domin da shi muke ci, da shi muke sha. To amma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: wannan tulin kundayen bincike da ake rubutawa a kan talakan karkara, yaushe ne ɗaya daga cikinsu zai dawo hannun talakan da aka rubuta a kansa? Mu a Birnin Tudu muna da haƙƙin yin wannan tambaya fiye da kowa, domin da jinin iyayenmu aka biya kuɗin darasin.

Bari mu tuna wa mai karatu. Tun a 1969 masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi ɗan matsakaicin dam a Bakolori, a kuma bi abin sannu a hankali don kada a rusa yadda mutane suka saba noma. Da kuɗin man fetur suka kwararo, sai aka ajiye "sannu a hankali" a gefe. Aka ɗauko kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, aka tare Gulbin Sakkwato da bango mai tsawon fiye da kilomita 5, aka kammala shi a 1978. Tafkin da ya taru ya shanye kimanin hekta 8,000, ya tashi dubban iyalai na ƙasar Maradun daga gidajensu da gonakinsu. A ƙasashen Talata Mafara da Bakura kuwa, inda za a shimfiɗa noman rani, aka sa manyan motoci suka baje gonaki, suka tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da kuka, manomi ya zuba ido damina tana wucewa bai yi shuka ba, diyyar da aka alkawarta kuma kullum sai gobe.

Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyin aikin, suka ce sai an biya su. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, Shehu Kangiwa yana gwamnan Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Abin da ya faru a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye ba sai mun tsaya zayyana shi ba. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike da mutanen yankin suka ce sun haura 380. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

To, jama'a, wannan duka an rubuta shi, kuma an rubuta shi da kyau. Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazari a kan yadda manoman Bakolori suka kara da hukuma da masu jari. Shi da Gunilla Andrae suka fitar da littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna yadda aka narka dukiya a manyan ayyukan ban-ruwa don a noma alkamar da ta fi ta waje tsada. William Adams, wanda daga baya ya zama shehun malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya bi gulbin ya gangara, ya gano abin da masu tsara aikin ba su sa a lissafi ba: manoman fadama da ke ƙasan dam ɗin da ambaliyar kowace damina suka dogara, ita ke raya shinkafarsu, danshin da ta bari kuma shi ke ba su noman rani. Da aka riƙe ruwan, dubban hektocin shinkafa da na kayan lambu suka bushe. Wato an ɗebe daga wannan aljihu an zuba a wancan, aka kira abin ci gaba.

Waɗannan masana sun sauke nasu nauyin, sun faɗi gaskiya a harshen da suka iya. Ƙorafinmu yana kan namu 'ya'yan, waɗanda suka sha nono da Hausa. Sun karanta waɗannan ayyuka a Zariya da Sakkwato da Kano, sun kafa hujja da su, sun sami digiri, sun sami ƙarin girma. Sannan ga su nan kowace shekara suna zuwa da jakar takardun tambayoyi. A tara dattawa a gindin bedi, a tambaye su buhu nawa suka samu, 'ya'ya nawa gare su, ko sun gamsu da ruwan kanal. Dattijo ya bar aikinsa ya ba da amsa tsakani da Allah. Daga ranar ba zai sake jin ɗuriyar mai tambayar ba. Amsarsa ta zama jadawali a babi na huɗu, an ɗaure kundin da baƙin bango, an jera shi a kanta, ƙura da gara suna rabon gado. Ashe ba kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan ba?

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce ilimin tattalin arziki yana da kalmomin da Hausa ba za ta iya ɗauka ba. Wannan magana ko yaro ba zai saye ta ba. Manomin da ya san bambancin jingina da aro da haya da gado da kashe-mu-raba, wanda ya san gayya da adashi da bashin kaka, shi ne za a ce bai da kalmomin tattalin arziki? Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kuma da Hausa ta bayyana wa kakanninmu yaƙin duniya na biyu. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu suna karɓar kundin digiri na uku da aka rubuta da Hausa zalla. Cibiyar wayar da kan manoma ta Samaru ta daɗe tana buga ƙasidun taki da feshi da Hausa. Idan ana iya gaya wa manomi yadda zai zuba taki, me ya hana a gaya masa yadda aka ƙiyasta diyyar gonarsa? Ko kuwa ana tsoron ranar da zai gane lissafin ne?

Za a kuma ce aikin jami'a shi ne ta ba gwamnati shawara, ita kuwa gwamnati ta aiwatar. To mu duba abin da shawarar ta haifar. An shirya shayar da hekta 23,000 a Bakolori. Kaso mafi girma an ɗora shi a kan injinan yayyafi masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga Turai. Kafin shekarar 2003 injinan sun zama kufai, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba. A 2014 sai da aka sake ciwo bashin Bankin Duniya, na kusan dala miliyan 500, don gyara ayyukan ban-ruwa na Arewa, har da na Bakolori. Da an zauna da mai gona tun farko, da ya faɗa cewa abin da maƙerin gari ba zai iya gyarawa ba, ranar da ya lalace ya tafi ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: dam ɗin Kainji ya tashi mutane fiye da 40,000, na Akosombo a Gana kimanin 80,000, kuma hukumar duniya da ta binciki manyan damuka ta ƙiyasta a 2000 cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 aka raba da matsugunansu. Ko'ina ka duba, masu ilimin tsari ne suka zana, marasa murya suka biya.

Yau ba mu da uzurin nisa. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai jami'ar jiha a garin, akwai kwalejin aikin gona a Bakura, akwai jami'ar tarayya a Gusau. Duk da haka, ka shiga ajin ƙarshe na sakandare ka tambayi yara abin da ya faru a 1980. Za su karanto maka ma'anar buƙata da wadata kamar karatun allo, amma labarin kanal ɗin da suke tsallakawa kullum safiya, sai dai ɗan abin da kaka ta faɗa. Mu malamansu ba mu da ko ƙasida ɗaya ta Hausa da za mu miƙa musu. Yaron da bai san yadda aka raba ƙasa da ruwa a garinsu ba, yaya zai fahimci rikicin manomi da makiyayi da ya rikiɗe ya zama ta'addancin da ya raba mutane da gonakinsu?

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba roƙo muke yi ba. Na farko, kada jami'a ta sa hannu a kan kowane kundin digiri na biyu ko na uku a fannin raya karkara sai ɗalibin ya haɗa da taƙaitawa ta Hausa mai shafi goma, ya kuma koma garin da ya yi bincike ya karanta ta a gaban waɗanda suka ba shi amsa, su gyara masa inda ya kauce. Na biyu, tarihin Bakolori ya zama darasin farko ga duk mai son zama masanin tsara yanki a ƙasar nan, a kawo shi ya kwana bakwai tsakanin Maradun da Bakura kafin a nuna masa allon lissafi. Na uku ya hau kan wannan ƙungiya tamu ta marubuta. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, ba laifi. Amma a cikinmu akwai masu Turanci da Hausar da za su iya neman izini su fassara waɗannan nazarce-nazarce, su kuma ɗauki maganar dattawan da suka ga abin da idonsu tun ƙasa ba ta rufe sauran ba.

Wanda ya ga mun yi tsauri, filin mujallar nan a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami ya mayar da martani. Sharaɗinmu ɗaya ne: ya rubuto da Hausa, don mu karanta wa mutanen Birnin Tudu su yi mana alƙalanci.