SARKIN ƘOFA DA ƁARAWON GIDA: TSARON KWAMFUTOCINMU

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a wannan fitowa muna so mu ja hankalinku ga wata magana wadda ta shafi guminmu, watau tsaron na'ura mai ƙwaƙwalwa da muke ajiyewa a ɗakunanmu. A yau ɗalibin da ya taso daga 'Yankuzo ko Tsafe ko Bunguɗu, ya shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ba zai karɓi digiri ba sai ya buga kundinsa a kwamfuta. Haka nan akawu da malamin makaranta, lissafin ofis da sakamakon jarrabawa duk suna cikin wata 'yar kwamfuta ta gwanjo. Ran da cuta ta kama ta, wahalar shekara guda ta bi ruwa ke nan. Saboda haka da muka ji ana ta yabon wani irin tsaro da ake kira jerin amintattu, sai muka ga ya kamata mu auna shi da ma'aunin halin da muke ciki.

Hanyar tsare kwamfuta iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda muka saba da ita, watau anti-bairos. Asalin aikinta kamar na dogari ne mai riƙe da sunayen ɓarayin da aka sani. Kowa ya zo ya wuce, sai wanda sunansa ke cikin takarda. Aibinta a fili yake, domin ɓarawon da aka haifa jiya ba ya cikin takardar shekaranjiya, ga shi kuwa cibiyar AV-TEST ta ƙasar Jamus tana ƙirga sababbin miyagun manhajoji dubu ɗaruruwa kowace rana. Ta biyu ita ce jerin amintattu, wadda ta juya al'amarin. Ita kamar sarkin ƙofa take a garuruwanmu na dā masu ganuwa: ba ruwansa da sanin ɓarayin duniya, mutanen gari kawai ya sani, baƙo kuwa ya tsaya a waje sai an tsaya masa. Manhajar da ba a rubuta sunanta ba, ba za ta motsa ba, ko ta kirki ce ko ta banza.

A ganinmu wannan hanya ta biyu ta fi dacewa da mu, kuma muna da dalili. Dogari mai takardar ɓarayi yana bukatar a sabunta masa takardarsa kullum ta intanet, alhali kuwa data tana da tsada, sabis kuma ba shi da tabbas a ƙauyukanmu. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa aka katse layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wurare suka yi makonni, wasu watanni, babu sabis. A wannan lokaci anti-bairos ba ta sami labarin sabon ɓarawo ko ɗaya ba, amma filashi bai daina yawo ba. Filashin nan kuwa shi ne babbar hanyar cuta a wajenmu: daga ɗakin ɗalibi ya tafi shagon buga takardu, daga can ya faɗa ofis, ya komo gida da tsarabar da ba a aike shi ba. Jerin da aka rubuta aka ajiye cikin kwamfutar kanta ba ya jiran sabis kafin ya ce wa baƙo a'a.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Microsoft ya fito da AppLocker tare da Windows 7 a 2009, amma domin manyan ma'aikatu. Kamfanin Apple ya sa Gatekeeper a kwamfutocinsa a 2012. A 2017 aka fito da Windows 10 S, wadda ba ta karɓar manhaja sai daga kantin Microsoft, a 2022 kuma aka ƙara wa Windows 11 abin da ake kira Smart App Control domin mutanen gida. Hukumar tsaron sadarwa ta ƙasar Ostireliya ma ta sa wannan dabara cikin matakai 8 da ta ce su ne ginshiƙin tsaro. To, amma mu lura, Windows 11 ba ta hawa yawancin tsofaffin kwamfutocin da aljihunmu ke iya saye. Da yawa daga cikinmu muna kan Windows 7, wadda aka daina yi wa gyara tun Janairun 2020, ko Windows 10, wadda tallafinta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo ke saƙar. Mun ƙirga ramuka huɗu waɗanda sarkin ƙofa ba ya iya toshewa.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne mai gidan kansa. A ma'aikata akwai jami'in da ke riƙe da jerin, ma'aikaci bai isa ya taɓa ba. A gida kuwa mutum ɗaya ne sarki, shi ne sarkin ƙofa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: Office da Photoshop da SPSS da ke kan kwamfutocin ɗalibai, nawa ne aka saya da kuɗi? Mai gyara ya ɗora mana na sata, in tsaro ya yi ƙara sai ya kashe shi. Ta wannan hanya ce wata cuta mai suna STOP ko Djvu, wadda ta ɓulla a 2018, ta yi ta kama mutanen gida a duniya. Takan ɓuya cikin manhajar sata, ta kulle takardun mutum duka, ta nemi fansar dala 980, ko 490 ga wanda ya gaggauta. Wane ɗan 'Yankuzo ne zai biya wannan domin ya fanshi kundinsa? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyu, da ɗan gari akan ci gari. A 2017 miyagu suka kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner, manhajar share kwamfuta da mutane suka yarda da ita, suka cusa guba a ciki, aka raba wa mutum fiye da miliyan 2 da sa hannun kamfanin na gaskiya. A 2020 irin haka ta faru da SolarWinds a Amurka, har ma'aikatun gwamnati suka kamu. Sarkin ƙofa ya ga fuskar da ya sani, ya buɗe.

Na uku, ɓarawo yakan aiki barorin gida. Cutar nan ta filashi da ke ɓoye takardunmu ta bar mana gajerun alamomi marasa komai, sau da yawa ba manhaja ce cikakkiya ba, 'yan layukan umurni ne, kuma wani sashe na Windows kanta, amintacce, shi ke zartar da su. Haka umurnin da ake ɓoyewa cikin takardar Word ko Excel. In jerin bai haɗa da irin waɗannan ba, an yi ba a yi ba. Ga kuma tsagar bango: WannaCry, wadda ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta wata kafa ta shiga wadda Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Gyaran ganuwa ba aikin sarkin ƙofa ba ne.

Na huɗu, yaudara ba ta bukatar manhaja. Wanda aka aiko wa saƙo cewa ya sami tallafin karatu ko aikin gwamnati, ya shiga shafin bogi ya rubuta lambar BVN da lambar sirrin katinsa da hannunsa, babu jerin da zai cece shi.

Hukuncinmu shi ne: jerin amintattu ya fi anti-bairos ƙarfi wajen tare baƙuwar cuta, amma ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin halin mai riƙe da mabuɗi. Kada wani ɗan kasuwa ya ruɗe mu cewa ya kawo layar da ƙarfe ba ya kamawa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa da abubuwa biyar. Wanda kwamfutarsa ke da wannan tsaro ya kunna shi, ya bar anti-bairos ɗin Windows tana aiki tare da shi. Kowa ya buɗe asusu biyu a kwamfutarsa, na mai iko da na aikin kullum, ya riƙa aiki da na biyun, shi kuma zai bai wa ƙanne da abokai. Mu rabu da manhajar sata; LibreOffice kyauta ce, halal ce, tana kuma buga kundi. Duk ran da muka sami sabis, mu sabunta Windows kafin mu shiga Facebook. Sa'an nan kowane babi na kundi a ajiye shi wuri uku: kwamfuta, filashin da ba ya zuwa shago, da akwatin imel.

Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su keɓe rana guda a kowane zango, ɗaliban sashen kwamfuta su zauna su daidaita wa 'yan'uwansu na'urorinsu ba tare da karɓar ko kwabo ba. Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi kafin su saya mana waɗannan na'urori, bai kamata sakacinmu ya mayar da guminsu banza ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu gane.