Raddi ga Mai Cewa Dibranchus Ɗan'uwan Kunamar Ruwa Ne

Wani malami ya yi da'awar cewa kifin nan na ƙarƙashin teku da masana ke kira Dibranchus, wanda Wilhelm Peters na Jamus ya fara siffanta shi a 1876, dangin kunamar ruwa ne, irin wadda masunta suka sani a kogin Binuwai, kuma hujjarsa ita ce dukansu biyu shimfiɗaɗɗu ne kamar faifai, suna kwance a ƙasan ruwa. Wannan ƙiyasi ne a kan zahiri, alhali kuwa malaman ilimin kifaye ba sa gina hukuncin nasaba a kan kamannin jiki sai sun duba abin da ke ƙarƙashin fata.

Da fari dai, jikin kunamar ruwa guringuntsi ne, shi kuwa Dibranchus ƙashi gare shi na haƙiƙa. Sannan ita ƙofofin numfashinta biyar-biyar ne a gefen ciki, nasa kuwa ƙaramin rami ne guda ɗaya a bayan kowane fiffike, fikafikan da yake dogarawa da su yana tafiya a kan laka maimakon iyo. Hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi tana bisa bakinsa, inda akwai ɗan kogo, a cikinsa kuma wata 'yar tsoka a kan guntun ƙashi wadda yake turowa waje, kuma wannan gaɓa ita ce shaidar zuriyar Lophiiformes, wadda iyalin Dibranchus, wato Ogcocephalidae, ke cikinta. Kunamar ruwa ba ta da ko alamarta.

Malam ya ƙara da cewa nau'o'in jinsin duk abu guda ne, masana ne kawai suka yawaita sunaye. Subhanallahi! Da ya karanta tahƙiƙin Margaret Bradbury na 1999, da ya ga ta rarrabe su ta siffar ƙayoyin fata da haƙora da ita wannan tsoka, har ta fitar da waɗansu zuwa sabon jinsi, Solocisquama, ta kuma tabbatar da cewa a tekun Atlantika kansa, bayan Dibranchus atlanticus, akwai Dibranchus tremendus wanda ya fi shi nutsawa cikin zurfi, galibin sauran kuwa a gabashin Pasifik suke.