Laifin Doka da Laifin Ɗabi'a: Ina Matsayin Malami?

Ba duk abin da doka ta hana ne jama'a ke ƙyama ba, haka kuma ba duk abin da jama'a ke ƙyama ne doka ta hana ba. Laifin doka shi ne wanda hukuma ta rubuta, ta kuma yanka masa hukunci. Laifin ɗabi'a kuwa shi ne wanda ya saɓa wa gaskiya da amana da kunya, siffofin da A.H.M. Kirk-Greene ya lissafa cikin halayen mutumin kirki a nazarinsa na 1974.

A ɗauki misali da unguwar Kinkinau a garin Kaduna. A nan, kamar sauran unguwanni, akan yi wa amarya da ango liƙi a wurin biki, ba wanda zai ɗaga ido. Amma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya ɗauki liƙi a matsayin wulaƙanta Naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6, ko tarar aƙalla Naira 50,000, ko duka biyun. Wannan laifin doka ne da bai zubar da girman mai yin sa a idon maƙwabta ba.

Akasin haka shi ne malamin da ke shiga aji yana tsakurar darasi da gangan, domin ɗalibai su biyo shi darasin yamma na kuɗi. Da wuya a ga ɗan sanda ya kama shi, amma ya ci amanar iyaye, ya kuma zalunci ɗan talakan da ba shi da abin biya.

Akwai kuma inda laifuffukan biyu suke haɗuwa, wato satar jarrabawa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba tare da zaɓin tara ba ga malami ko mai sa ido da aka samu da hannu a ciki. Duk da haka, wasu iyaye na kiran wannan ta'asa "taimako".

Hukuncin doka yana da ranar ƙarewa, domin wanda aka ɗaure zai fito, wanda aka ci tara zai biya. Sakamakon laifin ɗabi'a ba shi da wa'adi. Hausawa sun ce mutunci madara ne, kuma idan ya zube a unguwa, har 'ya'yan mutum sai abin ya shafa ranar da suka tashi neman aure.

Saboda haka, kuskure ne malami ya ɗauki doka a matsayin iyakar abin da ake bukata daga gare shi. Doka ita ce mafi ƙarancin ma'auni. Mafi yawan abin da ke wakana tsakanin malami da ɗalibansa, kamar adalci wajen ba da maki da rufa asirin yaro, alƙali ba zai taɓa gani ba. A nan, tsoron Allah da kunya su kaɗai ne masu gadi.