Haƙƙin komawa gida: ma'aikatan jiragen ruwa da dokokin yankunan ƙetare

A shekarar 2024, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya ITF ta ƙirga ma'aikata 3,133 da masu jiragen ruwa suka yi watsi da su cikin jirage 312. A 2023 adadin ma'aikatan 1,676 ne. Abin yakan faru ta hanya ɗaya: bashi ya ci mai jirgi, ya daina biyan albashi, ya daina ɗaukar waya, jirgi ya tsaya a wata tasha, abinci da gazuwal su ƙare. Ma'aikaci ba shi da biza balle ya sauka, ba shi da kuɗin jirgin sama, kuma yana tsoron in ya tafi albashinsa na watanni ya bi ruwa. Akwai wani ɗan Siriya da ya kusa shekara huɗu a haka cikin jirgin MV Aman a gaɓar Masar, daga 2017 zuwa 2021.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar aikin teku da ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT ta amince da ita a Janeba cikin Fabrairun 2006, ta kuma fara aiki ranar 20 ga Agustan 2013, ta ce a mayar da ma'aikaci gida ba tare da ya biya ko dala ba in kwangilarsa ta ƙare, ko ya yi rashin lafiya, ko jirgi ya nutse, ko mai jirgi ya karye. Zaman da zai yi cikin jirgi kafin ya cancanci tafiya gida bai kai wata 12 ba. Gyaran fuskar da ya fara aiki cikin Janairun 2017 ya tilasta wa kowane jirgi riƙe takardar inshora da za ta biya kuɗin tafiya, abinci, da albashin da bai wuce na wata huɗu ba. Wata biyu babu albashi ya isa a ce an yi watsi da mutum. In mai jirgi ya gaza, nauyi ya koma kan ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta.

A nan ne gizo ke saƙa. Jirage da dama an yi musu rajista a yankunan ƙetare na ƙasashen Turai, wato tsibirai da ƴan yankunan da suka rage a hannunsu: Bamuda, Kayman da Jibralta na Birtaniya, Kurasawo na Holan, tsibiran Faro na Danmak, Walis da Futuna na Faransa. Masu jirage na son waɗannan wurare saboda sauƙin haraji da damar ɗaukar ma'aikata daga ko'ina. A idon dokar ƙasa da ƙasa, jirgin da aka rubuta wa Hamilton a bayansa jirgin Birtaniya ne. Amma ofishin da ya yi masa rajista yana Bamuda, kuma dokar ƙwadagon da ke kansa majalisar Bamuda ce ta rubuta ta.

Sa hannun uwar ƙasa bai isa ba. Aya ta 35 ta kundin OIT ta tanadi cewa inda yanki ke gudanar da harkar ƙwadagonsa da kansa, sai gwamnatinsa ta yarda, sannan uwar ƙasa ta aika sanarwa Janeba, sannan yankin ya zuba ƙa'idojin cikin dokarsa. Duk gyaran fuskar da ya biyo baya sai an sake shigar da shi cikin dokar yankin. Birtaniya ta amince da yarjejeniyar a Agustan 2013, yankunanta kuma suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa.

Misalin Faransa ya fi jan hankali. Ta amince a Fabrairun 2013, amma sai ranar 6 ga Oktoban 2016 aka fitar da dokar da ta daidaita tsarin Walis da Futuna da na tsibiran kudancin duniya, irin su Kergelan, da yarjejeniyar. Walis ba ƙaramin wuri ba ne a wannan harka, ko da yake mutanenta ba su kai na wata babbar unguwa a Maradi ba: jiragen yawon buɗe ido na kamfanin Ponant can suke da rajista, a Mata-Utu. Kuma tushen dokar ƙwadagon tsibirin har yau ita ce ta 15 ga Disamban 1952, wadda Faransa ta yi wa yankunan mulkin mallaka, wadda ma'aikatan Nijar suka yi aiki ƙarƙashinta kafin samun ƴancin kai.

Adalci ne a faɗa cewa ba waɗannan tutoci ne suka fi yawa cikin jerin jiragen da aka yi watsi da su ba. Panama ce ke kan gaba a 2024, kuma ƴan Indiya ne abin ya fi shafa. Matsalar yankunan ƙetare ita ce sarƙaƙiya. Ma'aikacin da ke maƙale a wata tasha, katin wayarsa na gab da ƙarewa, dole ya san ko Landan zai kira ko Hamilton, kuma a wace kotu zai nemi albashinsa. Sauran gibin sun fi wannan faɗi. Amurka ba ta amince da yarjejeniyar ba sam, don haka Fotoriko da Guwam na waje. Jiragen kamun kifi ma ba sa cikinta. Tasu daban ce, mai lamba 188 ta 2007, kuma ƙasashe kaɗan ne suka sa mata hannu.

Abin da ke rage wa ma'aikaci shi ne tashar da jirgi ya tsaya. Yarjejeniyar ta ba ƙasar da ta amince da ita ikon binciken duk jirgin da ya shigo tasharta, ko wace tuta yake ɗauke da ita, da ikon tsare shi in an tauye haƙƙi. Tana iya mayar da ma'aikata gida da kuɗinta, ta bi ƙasar tuta bashi, kuma gyaran da ya fara aiki a Disamban 2024 ya nemi ƙasashe su gaggauta hakan. Togo da Benin sun amince da yarjejeniyar, saboda haka masu bincike a Lome da Kwatano, inda kayan Nijar suka daɗe suna sauka, suna da hurumin neman takardar inshorar kowane jirgi. Doka ta ce a manna ta a fili, inda kowane ma'aikaci zai iya karanta sunan kamfanin da hanyar tuntuɓarsa.